'Yar Haya a Akwatin Usta Abul-Ela

Kafin ka ga Ustaz Nagati Abul-Ela, jin sa za ka fara yi. Ƙas. Shiru. Ƙas kuma. Murfin wani ɗan akwatin ƙarfe ne yake buɗewa yana rufewa dab da kunnensa, ido a lumshe, kamar mai sauraron karatu a rediyo. Kowace Talata da hantsi yana nan a teburin lungu na gidan gahawar da ke bakin kasuwar Attarin, mu kuwa da muke kewaye da shi mun san ba a magana sai murfin ya yi ƙara sau uku.

Shekara talatin da huɗu ya yi a gidan waya na Iskandariya yana rarraba wasiƙu. Ya ɗauki ambulan, ya dubi adireshi, ya cilla a raminta. Ta unguwar Bakus ba ta shiga ramin unguwar Muharram Bek, ko da kuskure. Marigayiya matarsa, Sitt Kausar, takan ce in ta ajiye ƙaramin cokali a cikin manya, sai ya tashi daga kan abinci ya mayar da shi wurinsa kafin loma ta wuce masa. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya yi ritaya, ita kuma ta riga shi tafiya, abin da ya rage masa a gidan shi ne kabad mai gilashi da tsofaffin makana jere a ciki, layi bisa layi.

Makana ta aske gemu nake nufi, irin ta iyayenmu: ƙarfe mai nauyi, a kwance kanta, a ɗora reza, a mayar a ɗaure. Ba ta roban nan da ake aski biyu a jefar ba. Kowacce kuma da akwatin da ta fito da shi daga masana'anta, wanda mu a teburin nan muke kira gidanta. Samun makana ba wuya, don duk tsohon da ya rasu a garin nan yakan bar ɗaya a aljihun tebur. Gidan ne aiki. Akwatuna sukan ɓata, a musanya su, 'yan gwanjo su cusa ta Jamus a gidan ta Ingila su rantse haka ta zo. To, nan Nagati ya yi suna. Wadda ke kwance a gidanta na asali, 'yar gida ce. Wadda aka cusa a gidan wata, 'yar haya. Daga bakinsa kalmar ta fara fita, yanzu har dillalan Attarin da ita suke ciniki.

Yakan duba lambar da ke ƙarƙashin kai, ya duba gaɓar murfi, ya ɗaga gefen shimfiɗar da tsinken allura ya ga irin gam ɗin. Na ƙarshe kuma shi ne sawu. Makanar da ta yi shekara hamsin kwance a kan karammiski takan bar siffarta a jiki, kamar yadda mutum yake barin rami a katifarsa.

Wata Talata wani dillali ya ajiye masa akwati a gaba. "Ya Ustaz, duba mini wannan, amma da tausayi. Iyali gare ni."

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

"'Yar haya."

"Haba, ya Ustaz! Ko buɗe ido ba ka yi ba!"

"To, na buɗe. Dubi sawun. Wadda ta kwana a nan doguwa ce, taka guntuwa. Kamar ka kwantar da Milad a gadon ɗan dambe."

Milad Fanus ke nan, tsohon mai gyaran agogo, gajere mai sanƙo, da ɗan gicciye a wuyan hannu. Shekara ashirin suna tara makana tare, ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba sai yawan sukarin shayi.

"Ka bar tsawona ya huta, ɗan gidan waya," in ji Milad. "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana lasar kan sarki."

"Ban taɓa lasa ba. Rarrabawa nake yi."

"To me ya sa har yau bakinka ɗaci?"

Haka muke. Amma akwai wata tsokana guda da Milad ya yi shekaru yana riƙe da ita, wadda in ya sake ta Nagati ba ya dariya.

Makanar farko a kabad ɗin ta mahaifinsa ce, Usta Abul-Ela, direban tiram, ɗan jirgin dogon nan na cikin gari. 'Yar Jamus ce mai kaurin mariƙi, ruwan azurfarta ya koɗe daidai inda babban yatsa yake zama. Da tsohon ya rasu, yayar Nagati, Abla Inshirah, ta miƙa masa ita ta ce shi ne namiji, shi ke da gemu. Daga kanta ya fara tarawa. Sai da ya ƙware sannan ya ga abin da ke gabansa: makana ta Jamus, akwati na Ingila. Ciki kuwa ko karammiski babu. Wani ɗan tsumma ne aka manna a kan kwali, aka ɗinke gefensa da zare, ɗinkin a karkace kamar tafiyar tiram a kwana.

"Alƙalin alƙalai," Milad yakan ce, yana juya cokali a shayi, "ya kori 'yan haya daga gidajen mutane kaf, ga ta zaune a layin farko na kabad ɗinsa."

Abin ya yi shekara goma sha biyar yana sukar Nagati a ido. In baƙo ya zo kallon kabad, sai ya tsaya ta yadda kafaɗarsa za ta tare wannan lungun. Rannan, shekara tara da suka wuce, Milad ya iso teburin yana haki, ya zaro wani akwatin fata na Jamus mai jan karammiski, fanko, irin na makanar Usta Abul-Ela sak. Aka gwada. Ta kwanta ciki kamar don ita aka yi, don kuwa don irinta aka yi. A nan take suka yi musaya: Nagati ya karɓi na Jamus, Milad ya ɗauki na Ingila. Ina wurin. Nagati ya aika aka kawo mana farantin basbusa, wainar nan mai zaƙi, ya ce yau makanar babansa ta koma gida. Muka ci, muka taya shi murna, har da ni.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Nagati yakan wuce Muharram Bek ya ci abinci wurin Abla Inshirah. Shekara shida ta ba shi. Yana da huɗu mahaifiyarsu ta rasu, ita ta goya shi, ita ta wanke shi, ita ta ja kunnensa zuwa makaranta, kuma har yau da furfurarsa ba ta daina yi masa magana kamar mai ƙin wanka ba. Ciwon suga ya cinye mata ido cikin shekara biyu. Tana zaune da 'yarta, amma ba ta yarda a karɓe mata aikin hannu ba.

Ran nan ya same ta tana tsinke ganyen lalo a tire, da lalube.

"Nagati."

"Na'am, Abla."

"Ka cire takalmi, ina jin yashi a ƙasa. Makanar Baba tana nan?"

"Tana nan mana. Layin farko."

"Da akwatinta?"

"Da akwatinta," ya ce, kuma a ransa bai yi ƙarya ba.

"Ka zo mini da ita Juma'a mai zuwa. Ba makanar ce ta dame ni ba, me zan yi da ita, gashin baki gare ni? Cikin akwatin nake so in taɓa. Tun da idon nan ya tafi, hannuna yake kwaɗayin abubuwa. Ina so in ji ko ɗinkina yana nan."

Nagati ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa a hankali.

"Ɗinkinki?"

"To na wa? Na Baba? Mutumin da ko maɓalli bai iya sa wa riga ba?"

Ta ci gaba da tsinke ganye tana magana, kamar labarin da kowa ya sani. Ta ce bayan rasuwar Mama, Usta Abul-Ela a hankici yake naɗe makanarsa ya ajiye a bakin taga, don akwatinta ya ɓata tun kafin a haife su. Kullum in ta zo shara sai ta ga ƙunshin nan kamar na wanda ba shi da kowa. Tana shekara goma sha biyu, Madam Kaliyobi, Bagirkiyar da ke saman benensu, ta tashi komawa ƙasarsu, ta fito da tarkacen da jirgi ba zai ɗauka ba ta zube a kan matakala, kowa ya zaɓa. Mata suka yi wawar tukwane. Ita kuwa ta ɗauki ɗan akwatin ƙarfe, fanko, asu ya cinye shimfiɗarsa.

"Na gwada makanar a ciki, sai kwaramniya take yi. Na ce wannan sai an yi mata shimfiɗa. Na duba gidan nan kaf, ba ƙyallen kirki. Sai na buɗe adakar Mama."

"Wace adaka?"

"Ba za ka tuna ba. An rabar da kayanta duka, riga ɗaya Baba ya hana a taɓa. Ita na ɗauko. Na yanki kamar tafin hannu daga ƙasanta, ta baya, wai don kada a gani." Ta yi dariya, ta girgiza kai. "Hankalin yara. Na dama fulawa na manna, na bi da allura. Sau uku na soke yatsa. Da Baba ya dawo ya ga akwati a bakin taga, ya buɗe, na ce shi ke nan, yau kashe ni zai yi. Ya daɗe yana kallo. Ya rufe. Ko abinci bai ci ba ran nan. Washegari da asuba ina kwance sai na ji, ƙas. Daga ranar har ya koma ga Allah, shekara talatin da uku, da wannan ƙarar nake tashi. Bai taɓa ce mini komai ba, ni ma ban ce ba."

"Rigar fa?"

"Damunar da rufi ya yoye, ka tuna? Ruwa ya shiga adaka, ta ruɓe. Abin da ya rage na jikin Mama a duniyar nan shi ne ɗan ƙyallen nan da ke wurinka."

Nagati ba shi da ko hoton mahaifiyarsa. Fuskarta ma ba ya tunawa. Abin da yake da shi wani ƙamshi ne da ba ya iya ba shi suna.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba, Abla?"

"Ka taɓa tambaya? Ni na ɗauka ka sani. Ba kai ne ake cewa gwanin garin nan ba, ka kalli akwati sau ɗaya ka karanto tarihinsa?" Ta tura masa tiren. "Karɓi, taya ni. Ka zauna kamar an dasa ka."

Miyar lalon ran nan, ya gaya mini daga baya, bai san ta ina ta bi ba.

Asabar da sassafe ya hau benen Milad. Ya same shi da singileti, yana cin ful, dafaffen waken nan, da burodi.

"Lafiya, ɗan gidan waya? Wasiƙata ce ta shekara arba'in ka gano?"

"Akwatin Baba. Na Ingilan. Yana wurinka?"

"Yana wurina! Kana tambaya kamar wani ɗan kunne ne da zai ɓata." Milad ya goge hannu, ya buɗe kabad ɗinsa, ya ɗauko shi da hannu biyu. An goge murfin yana ɗaukar ido. Ƙas. Ciki shuɗin karammiski lumui, da makana 'yar Ingila kwance a tsakiya. "Shekara huɗu na yi ina neman mai gidan, sai a garin Fatsa'id na same ta wurin wani tsohon matuƙin jirgi. Dube ta. Ko kai ba ka da abin cewa."

"Ina ƙyallen?"

"Wane ƙyalle?"

"Wanda ke ciki. Shimfiɗar."

"Tsumman nan? Ai a makon na ɓamɓare shi. Fulawa ce fa aka manna da ita, Nagati, fulawa! Sai da na jiƙa."

"Ka ɓamɓare ka kai ina?"

"Ina ake kai tsumma?"

Nagati ya kama bayan kujera. "Wa ya ce ka taɓa? Wa ya ba ka izini ka sa hannu a kayan mutane? Kai kullum haka kake, agogon mutane ma haka ka riƙa..."

"Dakata, dakata." Milad ya ajiye akwatin. "Wa ya ce in taɓa? Kai. A gaban farantin basbusa. Ka ce, Milad, ka cire wannan ƙazantar ka yi masa shimfiɗar mutunci. Har ka ba ni sunan mai karammiski a bayan tashar jirgi. In na yi ƙarya ka tambayi teburin."

Ba sai an tambayi teburin ba. Nagati ya ji muryar kansa a cikin maganar, har da yadda ya ja kalmar ƙazanta. Ya zauna. Ya ba Milad labarin daga hankici har zuwa adaka, kansa a sunkuye.

Milad ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fara fito da gwangwanaye, don mutum ne da ba ya zubar da ko ƙusa. Na alewa, na taba, na madara. Suka zazzage su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya: ƙananan noti, hannayen agogo, takardun reza na da, gilasai masu tsaga. Har aka kira azahar suna tonawa. Komai Milad ya ajiye a shekara tara ɗin nan, ban da abu guda.

"Saurara," in ji Milad daga ƙarshe, ya rage murya duk da ba kowa a gidan. "Ubangiji ya yafe mini. Ba ta gani, Nagati. Mu nemi tsohon yadi, in dama fulawa, kai ka ɗinka. Ɗinkinka ai ba zai fi na 'yar shekara goma sha biyu kyau ba."

Mutumin da ya kunyata rabin dillalan Attarin a kan jabu ya juya maganar a ransa. Sannan ya ce, "Wane iri za mu nema?"

"Irin wancan mana. Ruwan ƙasa."

"Ba ruwan ƙasa ba ne. Toka-toka ne."

"Ruwan ƙasa ne, ni na jiƙa shi."

"Ko kore ne da ya koɗe?"

"Kai nake tambaya! Shekara goma sha biyar yana kabad ɗinka!"

"Akwai zane a jiki?"

"Zane?" Milad ya shafa sanƙonsa. "Gaɓar murfin dai uku ce. Akwai ɗan lotsawa a kusurwar hagu."

"Na san da lotsawar. Lambar ma zan iya karanto maka ita ido rufe."

Suka dubi juna. Tsofaffi biyu da za su gaya maka shekarar da aka ƙera murfi daga ƙararsa, ba wanda ya san launin ƙyallen, ko auduga ce ko alharini, ko mai santsi ne ko mai kaushi. Sun gan shi sau ɗari. Duk ganin, abin da suke gani shi ne ba karammiski ba ne. Kuma ko da sun dace da launi, ita da hannu za ta duba, hannun da ya yi ɗinkin.

Milad ya tashi ya ɗauko ɗan hantsakinsa na gyaran agogo. Ya fitar da 'yar Ingilar ya kwantar a kan tebur. Ya sa bakin hantsakin a gefen shuɗin karammiski ya fara ɗagawa, yana cije leɓe kamar fatarsa yake ɓarewa.

"Me kake yi?"

"Ba za ka kai mata shimfiɗar baƙo ba. Gara ta taɓa ƙarfen, shi dai ta san shi." Ya hure ƙurar gam, ya rufe, ya tura masa. "Ɗauka ka tafi kafin in dawo hayyacina. Shekara huɗu! Yanzu tawa ce za ta shiga haya."

Ranar Juma'a Nagati ya fitar da makanar babansa daga jan karammiski ya sa ta a tsohon akwatin. A cikin tiram, duk inda aka taka gaɓar dogo sai ta motsa a aljihun kwat ɗinsa. Kwaram. Kwaram. Ya dafe aljihun da hannu, bai hana ba. Sau biyu ya yi niyyar cusa auduga, ya fasa.

Tun yana cire takalmi ta ɗago kai.

"Mene ne ke kwaramniya a aljihunka?"

Ya zauna a gabanta ya sa mata akwatin a tafin hannu. Ta shafa murfin, ta bi gefe, yatsanta ya tsaya a kusurwar hagu.

"Ga inda ka yar da shi a matakala, kana aji biyu. Ni na sha faɗan." Ta danna. Ƙas. Fuskarta ta buɗe gaba ɗaya, har ya ga yarinyar da bai taɓa lura da ita ba. "Shi ne. Wallahi shi ne."

Ta ɗaga makanar ta ajiye a cinya. Ta sa yatsu biyu ciki. Suka tafi wannan kusurwa, suka dawo waccan. Suka sake zagayawa, a hankali.

"Abla," ya ce, "ni ne. Ba asu ba ne, ba ruwa ba ne. Na ga makanar ta Jamus ce, akwatin na Ingila, na ce ba gidanta ba ne. Na ba da shi musaya shekara tara da suka wuce. Ni na ce a cire ƙyallen. An zubar."

A ƙasa mai sayar da gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe, ya wuce, ƙarar ta yi nisa.

"Ba gidanta ba ne," ta maimaita.

"Haka na ce."

"Shekara talatin da uku tana kwana a ciki."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani..." Ta goge ido da bakin mayafi, idon da ba ya gani amma bai manta kuka ba. "Kai tun kana yaro haka kake. In na zuba maka shinkafa da wake sai ka ware su gefe-gefe kafin ka ci. Na ce girma zai raba ka da shi."

"Ki zage ni, Abla. Ya fi mini sauƙi."

"Shi ya sa ba zan zage ka ba."

Suka zauna. Can ya ce, da murya irin ta mai neman alfarma a ofis, "Wane launi ne?"

Ta juyo da fuskarta inda muryarsa take. "Ba ka ma san wannan ba?"

"Na ɗauka toka-toka ne."

"Sabulu da danshi ne suka mayar da shi haka ta sama. Da ka ɗaga gefen, inda na lanƙwasa, da ka gani. Rawaya ce, da ƙananan furanni farare. Ita ce a jikinta ranar da ta kai mu bakin teku, ta saɓa ka a kafaɗa, ka sha ruwan rake ka yi mata amai a kai. Ta yi ta dariya." Ta rufe murfin. Ƙas. "Ka kwanta a kan rigar nan ya fi a ƙirga."

Mutumin da bai taɓa barin akwatin wani ya wuce shi ba sai ya ɗaga gefen shimfiɗarsa da allura, nasa guda ɗaya ne bai ɗaga ba.

Ya ce zai nemo yadi mai kama da shi, ko ita ta zaɓa da hannunta. Ta ce a'a, a bar shi haka. Ta tura akwatin ƙarƙashin matashinta, ta lalubo makanar ta miƙa masa.

"Wannan nawa ne, ni na tsinto shi. Taka ga ta. Ka kai ta gidan da ka sha wahalar nema mata. Tashi ka wanke hannu, abinci zai huce."

Har yanzu yana zuwa Muharram Bek kowace Juma'a, har yanzu tana ce masa ya cire takalmi. 'Yarta ta gaya masa cewa wani lokaci da asuba takan ji ƙas daga ɗakin tsohuwar, sau ɗaya, sai shiru.

Talata kuma yana teburin lungu. Dillalai na kawo masa kaya, yana faɗin gaskiya kamar da, wannan ta Jamus ce, akwatin na Faransa. Kalmar 'yar haya dai ta bar bakinsa, Milad ma bai ƙara tsokanarsa da ita ba, ko da yake dillalan ba su san dalili ba, suna ta faɗin abarsu.

Kwanaki na je gidansa karɓar wani littafin lambobi. A layin farko na kabad akwatin fatar nan na Jamus yana buɗe, jan karammiskinsa lumui, ba kowa a ciki. Na tambaye shi ina makanar Usta. Ya nuna mini bakin taga da haɓa. Tana can, naɗe a cikin farin hankici.